Zanzibar: kafin ka biya kuɗin yawon tsibirai

1/ Jama'a, duk mai shirin zuwa Zanzibar, kar ka zaɓi yawon tsibirai saboda hoton Instagram kawai. Ni na yi haka, na sha haushi. 🧵

2/ Nakupenda tudun yashi ne a tsakiyar teku. In ruwa ya ciko, shanye shi yake. Mun makara, muka tarar saura kaɗan. Ka tambayi lokacin janyewar ruwa tukuna.

3/ Mnemba kuwa tsibiri ne mai zaman kansa, ba a barinka ka sauka. Iyo ake yi a gefensa ana kallon kifi. In ba ka iya ruwa ba, ɗan kallo za ka zama.

4/ Ra'ayina: in kwana ɗaya gare ka, ɗauki Changuu. Kamar minti 30 ne daga Stone Town, ga manyan kunkuraye. Ka haɗa da Nakupenda idan ruwa ya janye.

5/ Kuma don Allah kar ka shiga jirgin da babu rigar kariya. Da yawanmu 'yan Arewa ba mu iya iyo ba. Ko ya fi arha, ko an ce maka ba matsala, sauka abinka. Kuɗi na dawowa, rai fa?