Barcin Wa Ya Fi Tsada A Wajen FIFA?

Don Allah jama'a, wa ya gaya wa FIFA cewa mu ba mu san daɗin barci ba? Duk bayan shekara huɗu sai a cika mana kunne, wai ƙwallo ta kowa ce, wai ita ke haɗa kan duniya, amma kana ɗaukar jadawalin Kofin Duniya ka lissafa da agogon ɗakinka sai ka tarar an ajiye maka wasa ƙarfe biyu na dare. Lokacin da ko ɓarawo ya fara hamma.

Na sani, rana ba ta fito wa kowa lokaci ɗaya, dole wani ya yi asarar barcinsa. A 2002 da aka yi gasar a Koriya ta Kudu da Japan, ƙarfe 6:30 na safe muka kalli Najeriya da Ajantina, daga masallaci sai gidan kallo, Batistuta ya sa mana ɗaya da ka tun ba mu karya kumallo ba. Wa ya yi ƙorafi? Can gabas aka kai gasar, haka Allah ya tsara duniyarsa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na Brazil a 2014. An sa wasan Ingila da Italiya a Manaus ƙarfe tara na dare, wato biyu na dare a Landan. Kafin ka ce kwabo an dawo da shi ƙarfe shida na yamma, duk da zafi da gumin dajin Amazon, don Bature ya kalla da ƙarfe goma sha ɗaya ya ja bargonsa. To wa aka jefa cikin ramin da aka ciro shi? Kwaddebuwa. Wasanta da Japan a Recife aka tura ƙarfe goma na dare. A Tokyo goma na safiyar Lahadi ke nan, sun yi wanka sun sha shayi. A Abijan kuwa ɗaya na dare, a Kano biyu. Kowa an share masa hawaye, sai ɗan Afirka aka ce ya jiƙa idonsa da ruwa.

Ba yau farau ba. A 1986 da tsakar rana aka riƙa buga wasa a Meziko, har da na ƙarshe, rana na dukan ƙwaƙwalwar 'yan wasa, Maradona ya yi ta mita a banza, saboda gidajen talabijin na Turai suna son wasan ya faɗo musu da yamma. A 1994 ma ƙarfe 12:30 na rana Brazil da Italiya suka fito wasan ƙarshe a Pasadena. Ashe dai agogon yana lanƙwasuwa, in wanda ya buƙata mai nauyin aljihu ne.

Kuma biyun daren Bature ba irin namu ba ne, ɗan'uwa. Shi yana kishingiɗe a falonsa. Kai kuwa sai ka lallaɓa ka zare sakata kada Baba ya ji, ka ratsa lungu cikin duhu, ka yi wa 'yan sintiri bayani, ka je ka tarar babu wuta, mai gidan kallo ya ƙara kuɗi saboda janareta na shan fetur. Ka dawo ana kiran assalatu, ga aiki ƙarfe takwas, ga ƙungiyar taka ma an lallasa ta.

Na 2026 fa? Ƙasashe 48, wasanni 104, a Amurka da Kanada da Meziko, har da masu farawa ƙarfe biyar na asuba a agogonmu. An ƙara wa Afirka gurabe daga biyar zuwa tara, mun gode, sai dai ba a ce dole mu gani da idonmu ba. Wasan ƙarshe kam an sa shi uku na rana a New Jersey, takwas na dare a Kano. Kada ka yi saurin godiya. Takwas ce a Landan ma, albarkacin kaza ne ƙadangare ya sha ruwan kasko.

Ƙuri'a 54 Afirka ke da ita a zauren FIFA. Duk mai neman kujerar shugabanci sai ya zo ya rungumi manyanmu, an ci an sha an ɗauki hoto. Ranar tsara jadawali kuma ina suke? Suna otal, a garin da ake buga wasan, agogonsu ya daidaita da na filin.