A Auna Mahayi Kafin A Ba Shi Babur

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Gwaram, tun daga Zandam har Kila da Sara da Basirka, babur ya gaji doki, ya gaji jaki, ya kuma gaji keke. Shi ke kai malami makarantar ƙauye, shi ke kai mai naƙuda asibitin Birnin Kudu, shi ke fito da buhun riɗi daga gona zuwa bakin kwalta. Mai neman babur yakan tambayi kuɗinsa, da shan mansa, da saukin kayan gyaransa. Abu guda ne ba ya tambaya, wato ko ƙafarsa za ta kai ƙasa in ya hau. Gajeren mutum yana jin kunyar wannan tambaya, dillali kuwa ba ruwansa.

Kakanninmu ba su yi wannan sakaci da doki ba. Ba a taɓa ɗora mahayi a kan sirdi a ce ya miƙe ƙafa ya nemi likkafa ba. Likkafar ake ragewa ko a ƙara har ta yi daidai da shi, ko basarake ne ko bara. Da abin hawa ya koma na ƙarfe sai muka juya al'amarin, aka bar mutum ya daidaita kansa da inji.

Waɗanda suka ga zamanin Udoji, lokacin da aka biya ma'aikata ƙarin albashi da bashinsa a 1975, za su tuna baburan da suka cika gari: Vespa, da Honda Benly, da ƙananan Suzuki da Yamaha. Akwai kuma Super Cub, wanda kamfanin Honda ya fara ƙerawa a Japan a 1958. An yi shi da buɗaɗɗen tsakiya, ba sai an ɗaga ƙafa an tsallake tanki ba, ba kuma kuloci a hannu, don kowa ya iya hawa. Ya zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100 nasa. Jikokinsa na ƙasar Sin su ne muke kira roba-roba. Amma a karkara kasuwa ta karkata ga irin su Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, kuma da hujja: yana ɗaukar kaya, yana jure wuya, in za a sayar ba ya faɗuwa warwas. Sai dai sirdinsa ya kai kusan santimita 80 daga ƙasa, nauyinsa ya haura kilo 100, sa'an nan wasu su ƙara masa soso don jin daɗin fasinja. Gajere ya san roba-roba ce daidai da shi, amma yana gudun a ce ya hau babur ɗin tsofaffi.

A kan kwalta mai laushi, mai tsayawa da yatsun ƙafa yana iya shekara bai faɗi ba. Hanyoyin da ke haɗa ƙauyukan Zandam kuwa wani abu ne dabam. Da rani rairayi ne mai kwashe tayar gaba, da damina laka ce da zaizaya da kwazazzabo. A irin wannan hanya ƙafa ita ce taya ta uku. Babur in ya karkata kaɗan, tafin ƙafa yana tare shi. In ya wuce wani mizani kafin ƙafar ta sami ƙasa, nauyin inji da na buhu da na wanda aka goya duk sai su taru a kan ƙwauri guda. Daga nan sai ƙunar salansa, ko gocewar idon sawu, ko a nufi gidan mai ɗori. Irin wannan faɗuwa ba ta da ƙara, ba ta tara jama'a, ba wanda ke rubuta ta a littafin haɗari. Amma malamin da ya kwanta wata biyu, ajinsa ma ya kwanta.

To, mene ne abin yi ga wanda ya riga ya saya? A fara da sirdi, domin nan ne gyara ya fi araha, ya fi kuma rashin illa. Mai ɗinkin kushin yana iya buɗe fatar ya fafe soso kamar santimita biyu ko uku. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne faɗin sirdi yana cin tsawon ƙafa kamar yadda tudunsa ke ci. In aka tsuke gefunansa ta wajen tanki, cinyoyi sai su sauka a miƙe maimakon su buɗe. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar.

Bayan haka sai shokazoba ta baya. Yawancinsu suna da matakala, galibi biyar, da ake juyawa don a taurara sifirin ko a sassauta shi. In aka sassauta, babur yakan ƙara nutsewa in an zauna. Wannan ya dace da ma'aikaci mara jiki mai tafiya shi kaɗai, amma mai ɗaukar buhu ko mutum biyu kada ya yi, don kuwa baburin zai riƙa dukan kansa a kowane rami. Dole kuma ɓangarorin biyu su zauna a mataki ɗaya. Kan babur ma ana kwance shi a jawo shi baya kaɗan, a saukar da hannun birki da na kuloci inda yatsu za su kai ba da miƙa ba.

Akwai gyaran da ya kamata a ƙi ko da kyauta ne. Wani bakanike zai ce a yanke sifirin, wani ya ce a matsar da mazaunin shokazoba da walda, wani ma ya ce a sace iskar taya. Duk suna rage tsawo, gaskiya ne. Amma suna kusanto da cikin inji ga ƙasa, har ya riƙa gugar tudun hanya, taya ta riƙa cin marfinta, mai sassauƙar iska kuma ta yi zafi ta lalace. In ma an rage tsawon ta hanyar kirki, a duba ƙafar da ake kafe babur da ita, domin za ta yi masa tsawo, iska kaɗan ta kayar da shi.

Ba lalle ne ƙafa biyu su dira ba. Gwanaye sukan zame kaɗan zuwa hagu, su dasa ƙafar hagu sosai, ta dama tana kan birki. Amma wannan dabarar wanda ya ƙware ce, ba hujjar danƙa wa sabon shiga abin da ya fi ƙarfinsa ba. Hakanan yaron da ƙafarsa ba ta kai ba, ba sirdi za a fafe masa ba. Doka ba ta ba da lasin kafin shekara 18, a jira shi.

Babban kirana ga hukumomi ne. Ma'aikatu da ƙananan hukumomi sukan sayo babura da yawa a lokaci guda, don malaman gona da masu duba makarantu da ma'aikatan allurar rigakafi, kuma kusan kullum iri ɗaya ake jerawa a fili ranar rabo. Alhali ko rigar 'yan makaranta ba a ɗinka ta awo ɗaya. Babu abin da zai hana a sa iri biyu a takardar kwangila, dogo da gajere, a bar kowane ma'aikaci ya hau ya gwada kafin ya sa hannu. In kuwa iri ɗaya ne ya samu, to a haɗa kuɗin gyaran sirdi cikin kuɗin saye, a yi aikin a Gwaram ko Birnin Kudu tun baburan ba su bar sakatariya ba.