Benen da ya karkata a San Faransisko

A shekarar 2023 aka kammala gyaran harsashin wani dogon bene mai suna Millennium Tower a birnin San Faransisko na ƙasar Amurka, aikin da ya ci wajen dala miliyan 100. Labarin ya cancanci malamai da ma'aikatan ofis su tsaya su dube shi, ko da ya ke ba mu da irin wannan bene.

Benen hawa 58 ne, an buɗe shi a 2009. A 2016 aka bayyana wa jama'a cewa ya nutse inci 16 cikin ƙasa, ya kuma karkata wajen arewa maso yamma. Turakun da aka kafa shi a kai sun tsaya ne cikin rairayi, ba su kai ga fā ba, alhali a ƙarƙashin rairayin akwai laka mai kauri wadda nauyi ke matse ruwanta sannu a hankali. Masu ginin suka ɗora laifi kan haƙar da aka yi a maƙwabtansu, maƙwabta kuwa suka ce harsashin ne bai isa ba. Aka yi ta shari'a.

To, abin lura shi ne, nutsewa kanta ba ita ce babbar illa ba. Kowane gini ya kan zauna kaɗan bayan an gama shi, kuma in ya sauka gaba ɗaya daidai wa daida, bango ba ya sanin an yi. Ɓarna tana zuwa ne sa'ad da kusurwa ɗaya ta riga 'yar'uwarta sauka. Nan ne bango ke ɗaukar nauyin da ba a yi lissafinsa ba: tsaga ta taso a karkace daga kusurwar taga, ƙofa ta ƙi rufuwa, bututun ruwa ya kauce daga gangarensa. Bulo da kankare suna jure danni ƙwarai, amma ba su jure ja, shi ya sa a ke sa rodi. Har gyaran ma bai zo da sauƙi ba, gama a 2021 an dakatar da aiki domin haƙar sabbin turaku ta ƙara nutsar da benen. Daga bisani aka rage su daga 52 zuwa 18, aka kai su har kan dutse.

Wanda ya san ƙasar firki ta wajen Dikwa da Ngala ba zai yi mamakin wannan ba. Baƙar lakar nan tana kumbura da damina, ta tsuke ta dare da rani, kuma gefen gini ya fi tsakiyarsa jiƙa da bushewa. Ajin makaranta hawa ɗaya, da ya ke ba shi da nauyin da zai danne ta, shi ya fi shan wuya.

A ganina kuskuren da mu ke yi shi ne aika zanen gini iri ɗaya ko'ina, sai ka ce ƙasa ɗaya ce. Kamata ya yi a haƙa a gwada ƙasa tukuna, sa'an nan a yi zane. Inda ta ke laka, a zurfafa harsashi ya wuce inda danshi ke sauyawa, ko kuwa a zuba faifan kankare guda mai rodi wanda zai ɗauki ginin duka. A yi wa bango ɗamarar kankare bisa tagogi, a raba dogon jerin azuzuwa da 'yar tazara domin kowane sashe ya motsa shi kaɗai, a kuma janye ruwan indararo da itatuwa nesa da gindin bango. Malamin da ya ga tsaga kuwa, kada ya yi gaggawar sa a shafe ta. Ya auna faɗinta, ya rubuta kwanan wata, ya sake aunawa bayan damina, sa'an nan ya aika wa ofishin ayyuka.