Kimiyya A Sauƙaƙe: Abin Da Yis Ya Koya Wa Likitoci

Duk mai tuyar waina a Sarkin Dawaki ta Jalingo ta san yis ke tayar da ƙullu. To, amma ba kowa ya san ƙwayoyin halitta ne masu rai ba.

Kowace ƙwaya tana da zaren gado, watau DNA, wanda guba ko hasken hoton ƙashi kan tsinka. Idan haka ta auku, sai sinadarin Rad51 ya kama bakin zaren, ya lalubo takwaransa lafiyayye, a kwafo abin da ya ɓace, kamar yadda almajiri kan cike allonsa da ya goge daga na abokinsa. A 1983 ne Jack Szostak da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana tsarin wannan gyara, bayan nazarin yis.

Jikin ɗan Adam ma haka yake gyara, da taimakon sinadarin BRCA2. Macen da ta gaji naƙasasshen BRCA2 tana cikin haɗarin sankarar mama. Saboda haka wadda cutar ta taɓa danginta, kada ta yi jinkirin zuwa asibiti a duba ta.