Gayya A Cikin Kwamfuta

Maganarmu ta wannan mako ta shafi matasanmu masu koyon rubuta wa kwamfuta umarni, musamman ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa da ke nan Mubi, da takwarorinsu na sauran sassan ƙasa. Galibin kwamfutocin tafi-da-gidanka na yau suna da ƙwaƙwale biyu, ko huɗu, ko takwas. Amma umarnin da aka rubuta da harshen Python, in ba a tsara shi musamman ba, ƙwaƙwalwa ɗaya kaɗai yake sa wa aiki, sauran suna zaune. A wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas wannan ba ƙaramar hasara ba ce, domin batir kan mutu aiki yana tsaka.

Manomin Mugulbu ya daɗe da sanin maganin irin wannan, watau gayya: a kira mutane, a raba kunyoyi, kowa ya kama tasa. To, hanyoyin kiran gayya a kwamfuta suna da dama, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Wadda na fi so, kuma ita ce ɗalibai suka fi rainawa, ita ce a bar umarnin yadda yake, a sa wata 'yar manhaja ta tayar da shi sau da yawa a lokaci guda. Xargs na yin haka, GNU parallel ma, wadda Ole Tange ɗan ƙasar Danmak ya rubuta, ta shiga jerin kayan GNU a 2010. In kana da fayil 200 waɗanda babu ruwan wani da wani, layi ɗaya ya isa, ba ka taɓa umarninka ba balle ka ɓata shi.

In kuwa dole sai an haɗa sakamako wuri guda, sai a koma cikin Python, ga multiprocessing da ya zo a 2008, ko concurrent.futures na 2011 wanda ya fi sauƙin karantawa. Sai dai kowane ma'aikaci yana da rumbunsa daban, duk abin da za a ba shi sai an ƙunshe an aika, ya ƙunso ya mayar. Idan aikin ƙanana ne ƙwarai, aike-aiken kan cinye ribar. Ga kuma cin wurin ajiya: ma'aikata takwas a ƙaramar kwamfuta sukan sa ta sandare.

Tarkon da ya fi kama sababbin hannu shi ne zare. Sunansa da daɗi, amma Python na yau da kullum yana da wani makulli da ke hana zare biyu yin lissafi a lokaci ɗaya, tamkar ƙarti goma ne a gona da garma guda. Amfaninsa sai inda aikin jira ne, kamar sauko da abubuwa daga intanet. A 2024 an fara fito da samfurin Python marar makullin, amma wanda yawancin mutane ke ɗorawa yana nan da shi.

Kada kuma a zaci ƙwaƙwale huɗu za su rage lokaci ya koma kashi ɗaya cikin huɗu cif. Tun 1967 Gene Amdahl na Amurka ya nuna cewa ɓangaren da ba ya rabuwa shi ke yanka iyaka. A ce aikin minti 100 ne, 10 daga ciki ba su rabuwa: ƙwaƙwale huɗu za su gama a minti 32 da rabi, dubu kuwa ba za su sauko ƙasa da 10 ba. Philip Emeagwali, ɗan Nijeriyar nan da ya sami lambar Gordon Bell a 1989, ya yi lissafin rijiyoyin man fetur da na'ura mai ƙwaƙwale 65,536 ne saboda lissafin nasa mai rabuwa ne.

Saboda haka kafin ɗalibi ya zaɓi hanya, ya fara auna lokacin da aikinsa ke ci da ƙwaƙwalwa ɗaya, ya rubuta, sa'an nan ya gwada da biyu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.