Odar Kaya Daga Ƙasar Waje: Uwargida, San Haƙƙinki Tun Kafin Ki Biya

 

Wata baiwar Allah a ajinmu na matan aure ce ta sa na ɗauko wannan batu. Ta kwashi adashinta, ta yi odar saitin tukwane ta waya daga wani shago a ƙasar Sin, don kayan ɗakin 'yarta. Da kwalin ya iso sai ta tura shi ƙarƙashin gado, ba ta buɗe ba sai da biki ya matso, bayan wata guda. Saitin guda goma da ta gani a hoto ya zo guda shida, biyu a lotse. Da ta nemi a mayar mata da kuɗinta aka ce lokacin ƙorafi ya wuce. Kuɗin da ta ƙuntata wa kanta ta tara, ga shi an yi asararsu saboda rashin sani.

Ki fara sanin cewa neman haƙƙinki a irin wannan ciniki ba rashin tawakkali ba ne. A babin ciniki na littafin Risala, wanda da yawanmu muka karanta, an halatta sayen abin da ba ya gabanka bisa siffar da aka bayyana. Malamai kuma sun yi bayanin cewa idan kaya ya saɓa wa siffar, ko aka sami aibin da ba a faɗa ba, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Hoto da bayanin da ke ƙarƙashinsa su ne siffar, don haka ki ɗauki hotonsu ki ajiye ranar da kika biya, domin mai shago yana iya canza su daga baya.

Manyan kasuwannin intanet suna da tsarin kare mai saye. A AliExpress, wadda kamfanin Alibaba ya buɗe a 2010, kuɗinki ba sa shiga hannun mai kaya nan take. Kamfanin ne ke riƙe su har ki tabbatar kin karɓa, ko wa'adin odar ya cika. Bayan haka kina da kwana 15 na shigar da ƙorafi. Ita kuwa Temu, wadda ta shigo Nijeriya a 2024, tana ba da kwana 90 daga ranar saye a yawancin kayanta. Waɗannan ƙa'idoji sukan canza, saboda haka ki duba wa'adin da aka rubuta a kan odarki.

Ga abin da za ki kiyaye. Kada ki danna wurin da ke nuna kin karɓi kaya alhali ba su zo hannunki ba, ko da mai shago ya roƙe ki. Ranar da suka iso, ki sa yaro ya riƙe waya yana ɗaukar bidiyo tun kafin a yanke kwalin, takardar da ke manne a jikinsa ta fito sosai, a ƙirga kayan ɗaya bayan ɗaya. In atamfa ce ko abaya, kada ki wanke, kada ki cire tambarinta sai kin gamsu. Idan wa'adi ya kusa cika kaya ba su iso ba, ki shigar da ƙorafi tun kafin ranar ta wuce.

Wani mai shagon zai yi ta lallashinki, ya ce ki janye ƙorafin zai aiko miki da wani. Kada ki janye sai kuɗi ko kayan sun zo hannu, don da zarar kwanakin sun ƙare ba ki da abin riƙewa. Haka in ya ce ki biya shi kai tsaye zai rage miki, ki ƙi. Kuɗin da aka biya a wajen manhajar, kamfanin ba ya da alhakinsu. Araha, ai kin san ba ta ado.

In kamfanin ya ƙi sauraronki, kuma da katin banki kika biya, ki je bankinki da shaidunki ki nemi su bi miki kuɗin ta hanyar kamfanin katin. Ki yi ƙorafin a rubuce. In mako biyu ya wuce ba su warware ba, kina iya kai kuka sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya.

Sai kuma masu haɗa oda a WhatsApp, waɗanda ake tura wa kuɗi a asusunsu su sayo daga Sin ko Dubai. A nan duk wancan tsarin bai shafe ki ba, domin sunanta ne a kan odar. Ku yi magana a rubuce tun farko: yaushe kaya za su iso, nawa ne kuɗin dako, kuma wa zai ɗauki asara in sun zo a lalace.

A ƙarshe 'yar uwa, kamar yadda ba ki so a cuce ki, ke ma kada ki cuci mai kaya don yana nesa bai san ki ba. Wasu kan ce kaya bai iso ba alhali yana ɗakinsu, a mayar musu da kuɗi su riƙe duka biyun. Wannan cin haram ne, kuma cikin 'ya'yanmu zai shiga. In an riga an mayar miki da kuɗi sai ga kayan sun iso daga baya, ki sanar da su ki biya.

Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya tsare mu da asara. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.