Sai Da Ta Farka Sa'an Nan Ta Ji Labari

A wannan mako za mu ɗan jingine maganar kuɗin rumfa da harajin kasuwa, mu taɓo wani al'amari wanda yawancinmu ke jin nauyin ambatonsa a bainar jama'a. Jin nauyin nan kuwa masu mulki kaɗai ya amfana, domin abin da ba a faɗa a fili, ba a tuhumar kowa a kansa.

Akwai wata 'yar'uwarmu, daɗaɗɗiyar 'yar jam'iyya, mai sayar da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a kasuwa. Ba za mu faɗi sunanta ba, ko sunan asibitin da ta kwanta, don haka ta roƙe mu. Shekarunta sun ɗan haura 40, 'ya'yanta 5 a raye. Ta yi wajen shekara 3 tana fama da zubar jini, al'adarta ta kan kai kwana 10 ko fiye, cikinta kuma ya yi ta tasowa har wasu suka ɗauka juna biyu gare ta. Ta sha saiwoyi, ta yi hayaƙi, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce ciki ne ya kwanta. Sai ran da jiri ya ka da ta a bakin rumfarta sa'an nan aka kwashe ta zuwa asibiti. Aka yi mata hoton ciki, likita ya ce ƙari ne ya tsiro a jikin mahaifa, irin wanda su ke kira faibroid.

Bari mu ɗan tsaya a nan, don mun san akwai mata da yawa cikin masu sauraron karatun wannan jarida da ke ɗauke da irin wannan a ɓoye. Ƙarin nan ba sammu ba ne, ba kuma ciwon daji ba ne. Tsiro ne na naman mahaifa, ya kuwa fi yawa ga mata baƙar fata. Ƙanana ba su cika damun mace ba. In sun yi girma, wani lokaci a kan fid da su kaɗai a bar mahaifa, musamman ga mai son ƙarin haihuwa. In kuwa sun yi yawa, jini ya ƙi tsayawa, likita ya kan ga abin da ya fi shi ne a cire mahaifar ɗungum.

To, likita ya ce sai an yi aiki. Daga nan aka shiga hisabi. Aka miƙo wa mijinta, wanda ɗan dako ne, takarda doguwa: kuɗin gado, kuɗin ɗakin fiɗa, kuɗin gwaji, ruwan ƙari, allurai, auduga, safar hannu, har da zaren ɗinki. Aka ce kuma jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an tanadi leda biyu kafin a sa mata wuƙa. Mijin ya ba da ɗaya. Ta biyun fa? Ya zaga dangi, wannan ya ce bai karya ba, wancan ya ce in aka ɗebi jininsa ƙarfinsa zai tafi. A ƙarshe sai a wajen wasu samari masu rakuɓewa a bakin ɗakin gwaji ya samu, da kuɗi, ko da ya ke dokar ƙasa ta hana cinikin jini. Mako 3 aka yi ana haɗa kuɗi. Akuyoyinta biyu suka tafi, ta roƙi uwar adashe ta ba ta ɗaukar da ba tata ba, sauran jarin daddawa ya bi baya. Duk kwanakin nan tana kwance tana zubar da jinin da ake neman kuɗin saya.

Ran aiki aka kira mijin gefe, aka nuna masa takarda da Turanci, ya dangwala yatsa. Ita kuwa abin da aka ce mata kawai shi ne, «Za a yi miki aiki a fid da ƙarin.» Aka shiga da ita da hantsi. Da ta farka ta sami kanta da robar ruwa a hannu, da robar fitsari, ciki a naɗe, maƙogwaro a bushe. Kashegari wata nas ta zo ta ce ta tashi ta taka. Ta ce mana a ranta ta ɗauka mugunta ce, ƙaƙa za a ce wadda aka tsaga jiya ta tashi tsaye? Ashe gata ne aka yi mata, domin kwanciya wuri ɗaya bayan fiɗa ita ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, abin da kan kai ga halaka. Amma ba wanda ya tsaya ya gaya mata haka.

A kwana na 3, wata mai jinyar gadon kusa, wadda ta ji likitoci na magana sa'ad da su ke zagaye, ta juyo ta ce mata, «Yaya, ai ke kin huta da haihuwa, tun da an cire mahaifar.» Nan ne 'yar'uwarmu ta fara jin abin da aka yi a jikinta. Daga bakin baƙuwa! Ta ce ta juya fuska bango ta yi kuka har la'asar. Ba don tana neman ƙarin haihuwa ba. Da an tambaye ta, in ji ta, da ta yarda, don ta gaji da jinin nan. Abin da ya ƙona mata rai shi ne an yi shawara da kowa ban da mai jikin.

Kada a ce mun zo cin mutuncin likitoci. Aikin ya yi kyau, ya kuwa ceci ranta, Allah ya saka wa wanda ya yi. Mun kuma san halin da su ke ciki. Ita da kanta ta shaida mana cewa da dare nas ɗaya ce ke kula da ɗaki cike da gadaje, in wuta ta ɗauke da fitilar wayarta ta ke neman jijiya. Likita ɗaya ya ga layin da ba ya ƙarewa, abokan karatunsa kuwa sun tsere Ingila da Saudiya neman albashin da zai riƙe su. Wanda aka ɗora wa irin wannan kaya ba ya da sararin zama ya yi bayani. Tambayarmu ita ce, wa ya ɗora masa?

A shekarar 2001 shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a Abuja, a cikin gidanmu, suka yi alkawarin kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafinta don lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba ko sau ɗaya. A 2014 aka sa hannu kan Dokar Lafiya ta Ƙasa. Sashe na 23 na dokar ya ce wajibi ne a sanar da majinyaci halin ciwonsa, da hanyoyin magani da ke akwai, da amfani da haɗarin kowace, kuma in da hali a gaya masa da harshen da ya ke ji, gwargwadon iliminsa. Sashe na 20 ya hana a ƙi duba wanda ya zo cikin halin gaggawa ko da wane dalili, har da tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya saɓa. Shin jama'a, cikinku wa ya taɓa ganin an manna wannan da Hausa a bangon wani asibiti? Wa ya taɓa jin an karanta shi a rediyo, yadda a ke karanta mana sanarwar haraji safe da yamma? A 2022 kuma aka yi dokar inshorar lafiya wadda ta ce kowa ya shiga, har da asusu don marasa galihu. Ku zaga layin 'yan daddawa ku tambayi mai kati. Su kuwa masu sa hannu a dokokin ba su damu ba, don ba nan su ke kwanciya ba. A 2017 shugaban ƙasa na lokacin ya yi fiye da kwana 100 a jere a Landan yana jinya.

'Yar'uwarmu ma ta yi sa'a, tata ta jira mako 3. Akwai waɗanda tasu ba ta jira ko awa 3, watau matan da naƙuda ta yi wa tsawo a gida har mahaifa ta fashe, ko jini ya ɓalle bayan haihuwa, waɗanda in ba a cire mahaifar nan take ba sai gawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata wajen 75,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya duka. A Nuwamba 2024 Ministan Lafiya ya ba da sanarwar fiɗar haihuwa kyauta ga mata matalauta. Madalla, ba mu ƙi alheri don daga hannun abokin hamayya ya fito ba. Sai dai muna so a buga sunayen asibitocin da a ke yi a kowace ƙaramar hukuma, a kuma tuna sanarwar ta masu haihuwa ce, ba ta ce kome a kan mai ƙari ba.

Mu koma ga majinyaciyarmu. A kwana na 6 aka sallame ta da ƙwayoyi a leda da ranar dawowa cire zare. Ba a gaya mata cewa wadda aka tsaga wa ciki tana bukatar mako 6 zuwa 8 kafin jiki ya haɗe ba. Ba a ce mata kada ta yi daka, kada ta ja guga a rijiya, kada ta ɗauki bokitin ruwa ko ta goyi jika ba. Ba a ce wa maigida ya yi haƙuri aƙalla mako 6 ba. Ba a ce in ta ga zazzaɓi, ko ɗinki na ruwa da wari, ko jini mai yawa, ko fitsari na zuba ba tsayawa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ta komo nan da nan ba. Maganar da ba ta fi minti 5 ba ke nan. A mako na 2, da ta ga gida ba gari, ta ɗauki taɓarya. Ɗinki ya buɗe ta gefe, ya yi ruwa, aka koma asibiti, aka sake sayen magani da kuɗin bashi.

Ko da an gaya mata ɗin ma, ina mai ci daga cinikin yini za ta sami hutun mako 8? Ma'aikacin gwamnati in ya kwanta albashinsa na tafiya. 'Yar kasuwa in ta kwanta tukunya ta kwanta, mai karɓar kuɗin rumfa kuwa bai fasa zuwa ba ko rana ɗaya. Matan layinta ne suka rufa asiri. Suka raba kwanaki, yau wannan ta buɗe mata rumfa, gobe waccan, da yamma a kai mata abin da aka samu, wata ta aiko da 'yarta ta yi mata wanki da ɗiban ruwa.

Yanzu sai mu juyo kanmu, don ba duk laifin ke wuyan Gwamnati ba. Tun ba ta warke ba tsegumi ya tashi a unguwa, wai ta zama namiji, wai ba ta da sauran amfani ga miji, har wasu dangin mijin, cikinsu da waɗanda suka hana jininsu, suka fara yi masa zancen ƙarin aure a gabanta. Haba jama'a! Abu biyu ne cire mahaifa ke kawarwa, al'ada da ɗaukar ciki. Zaman aure yana nan yadda ya ke bayan ta warke. In an bar mata ma'ajin ƙwai, kamar yadda aka bar wa wannan, jikinta zai ci gaba da tafiya irin ta sauran mata har lokacinta ya yi. In an cire su ne ta kan ji zafin jiki da gumi irin na masu manyanta, shi ma akwai taimakon da likita ke yi. Jinin da mu ke rowa kuwa, lafiyayyen namiji in ya ba da leda ɗaya jikinsa na mayar da ita cikin 'yan makonni.

Saboda haka muna kira ga wakilanmu a majalisa su tsaya kai da fata a fassara takardar yarda da aiki zuwa Hausa, da boko da ajami, a karanta wa mace ita kanta, ta dangwala da yatsanta in tana cikin hayyacinta, a kuma ba kowace mai fita takardar abin da za ta kiyaye. Muna so a yafe kuɗin rumfa ga duk ɗan kasuwar da ya kawo shaidar kwanciya asibiti. Kafin su motsa, kowane reshe na jam'iyya ya buɗe littafi a ofis, matasa masu lafiya su rubuta sunansu da rukunin jininsu, don kada a sake barin ɗan dako yana yawon roƙo a bakin ɗakin gwaji.

A mako na 10 'yar'uwarmu ta koma rumfarta da jarin da matan layi suka tara mata. Mun same ta tana ƙulla daddawa, fuska ta ciko, jirin ya tafi. Har yanzu uwar adashe na bin ta zubi 4, akuyoyi kuma ba su dawo ba. Da mu ka tashi tafiya ta yi dariya ta ce, bana dai in Allah ya kai mu za ta yi azumi cif, ba ramuwar ko ɗaya.